Rediyo, gamma ko niyutirino: da wanne za ka bi sawun ƙwayoyin kosmik?

Ɗalibin fizikis da ya kai digiri na biyu, kuma zuciyarsa ta karkata ga sararin samaniya, yakan tsinci kansa a mararraba idan ya zaɓi ƙwayoyin kosmik, wato ƙananan ƙwayoyi masu matuƙar gudu da ke yawo a sararin samaniya. Shekara ɗaya da rabi ce a hannunsa, biyu in an yi sa'a, sai kwamfutar cinya guda da datar da yake saya da kuɗin aljihunsa. Tambayar da ke gabansa kuwa ba ƙarama ba ce: a galaksi (babban tarin taurari) da ke haihuwar taurari ba ƙaƙƙautawa, yaya waɗannan ƙwayoyi suke tafiya daga inda aka haife su, nawa ne suke tserewa, nawa ne suke ƙarewa a ciki? Ƙofofi uku ne ake leƙawa ta cikinsu, wato rediyo da hasken gamma (haske mafi ƙarfi, wanda ido ba ya gani) da niyutirino (ƙwaya marar caji da ke ratsa kusan komai). Kai da kake wannan mararraba, da kai nake. Ina da ra'ayi a kan wadda ta fi dacewa da kai, kuma zan faɗe shi, amma sai ka ga dalili tukuna.

Tun 1912, lokacin da Victor Hess ya hau balan-balan ya wuce mita 5,000 ya tarar da cewa hasken da ke caza iska yana ƙaruwa ne da tsawo, aka san cewa daga sama abin yake zuwa. Daga baya aka gane ba haske ba ne, ƙwayoyi ne masu caji: kusan kashi 90 cikin 100 furoton, yawancin ragowar cibiyar hiliyom, sai ɗan kaso na ilektiron. Babban tauraro idan ya fashe, ana ƙiyasta kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfin fashewar yana shiga cikin waɗannan ƙwayoyi. Shi ya sa galaksin da ke yawan haihuwar taurari yake cika da su, domin manyan taurari ba sa daɗewa, 'yan miliyoyin shekaru sun fashe.

Matsalar ita ce cajin. Filin maganaɗisu yana lanƙwasa tafiyar duk ƙwaya mai caji, ta yi ta kewaye-kewaye har ta manta daga ina ta taso. Ba za ka kafa na'ura ka ce wannan furoton daga galaksi kaza ya fito ba. Dole ka nemi 'yan aike marasa caji, waɗanda ƙwayoyin suke saki a kan hanya, su kuma su zo mana a miƙe.

Tafiyar kanta iri uku ce. Akwai watsuwa, kamar hayaƙin turaren wuta a ɗakin da aka rufe: ba mai tura shi, amma sannu a hankali ya kai kowane lungu. Akwai kwasar iska, kamar ƙurar hunturu da ba ta san hanya ba, iska ce ta ɗauko ta gaba ɗaya ta yi kudu da ita. Sai kwarara, inda ƙwayoyin suke bin zaren maganaɗisu suna tayar da igiyoyin da ke riƙe su, har gudunsu ya tsaya kusa da gudun igiyar Alfvén, wato igiyar da ke bin zaren maganaɗisun. Kulsrud da Pearce suka yi bayanin wannan a 1969. Aikinka duka shi ne gano wanne a cikin ukun yake da rinjaye, a ina, kuma ga ƙwaya mai wane ƙarfi.

Kafin mu shiga kwatance, ɗauki takarda ka yi wannan lissafi da hannunka, domin a kansa komai ya rataya. Furoton da ke yawo cikin iskar gas yana rasa ƙarfinsa ta hanyar karo da wasu furoton a cikin kimanin shekara miliyan 50, idan akwai ƙwaya 1 a kowace santimita kiyubik, wato ɗan akwati mai santimita 1 ta kowane gefe. Haka yawan gas yake a faifan galaksinmu, wannan farin zirin da ke ratsa sama a daren da ba farin wata. Amma ma'aunin beriliyom 10, wani sinadari da ke lalacewa a kan sanannen lokaci, ya nuna ƙwayoyin kosmik suna barin galaksinmu cikin kimanin shekara miliyan 15, kuma yawancin lokacin a can gefe suke yin sa inda gas ba shi da yawa. Ke nan mafi yawansu tserewa suke yi. Yanzu koma cibiyar galaksi mai haihuwar taurari da zafi, ka ɗauka ƙwayoyin gas 250 ne a santimita. Raba miliyan 50 da 250, ka sami shekara 200,000. Iskar da ke fita daga irin wannan cibiya, ka ce tana gudun kilomita 500 a daƙiƙa. Haske ya ninka ta sau 600, don haka nisan da haske zai ci a shekara 300 (ka ɗauka shi ne nisan fita daga cibiyar), ita sai ta yi shekara 180,000. Ka ga agogon biyu, na karo da na iska, sun zo kunnen doki. Wannan kusancin shi ya sa M82 da NGC 253, galaksi biyu masu irin wannan cibiya, suke da daɗin nazari, shi ne kuma ya sa suke da wuyar sha'ani.

Hasken gamma

Idan furoton ya yi karo da furoton da ƙarfin da ya isa, yakan haifi ƙwayoyin payon. Marar caji a cikinsu nan take yake rabewa ya zama hasken gamma guda biyu. Saboda haka gamma yana ba ka labarin furoton, su ne kuwa masu ɗauke da kusan dukkan ƙarfin. Wannan ita ce babbar falalarsa, kuma ba ƙaramar falala ba ce.

Shekarar 2009 ce ta buɗe fagen. Na'urar hangen gamma ta VERITAS da ke Arizona ta Amurka ta hango M82 bayan ta zuba masa ido na awa 137, takwararta H.E.S.S. da ke tsaunukan Khomas a Namibiya ta hango NGC 253 bayan awa 119. Dubi yawan awannin nan da kyau, galaksi ne biyu da ke maƙwabtaka da mu, nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 11 zuwa 12 kacal, amma sai da aka yi wannan jira. Masu VERITAS sun ƙiyasta cewa cunkoson ƙwayoyin kosmik a cibiyar M82 ya ninka matsakaicin na galaksinmu kusan sau 500. A 2010 tauraron ɗan'adam na Fermi, wanda aka harba a watan Yunin 2008, ya tabbatar da su biyun a ƙarfin GeV (ma'aunin ƙarfin ƙwaya ko na haske). Galaksin Arp 220, mai nisan kusan shekarar haske miliyan 250, sai a 2016 aka tsamo shi daga bayanan Fermi.

Abu biyu gamma yake gaya maka da ƙarfin murya. Na farko, kason ƙarfin da ya ƙone a ciki. Ka ƙiyasta yawan fashewar taurari daga hasken zafi na infared, ka fitar da ƙarfin da aka zuba wa furoton, ka gwada da gamman da ya fito. A M82 da NGC 253 lissafin yakan faɗa tsakanin ɗaya bisa biyar da rabi. Arp 220 kuwa ya yi kusa da cinye duka. Na biyu, gangaren bakan, wato yadda yawan ƙwayoyi ko haske yake raguwa idan ƙarfi ya ƙaru. A nan wajenmu yawan ƙwayoyin kosmik yana raguwa da ƙarfi bisa ma'aunin 2.7, alhali ana ganin an haife su da kusan 2.2. Bambancin watsuwa ce ta kawo shi, domin masu ƙarfi sun fi saurin sulalewa. A M82 da NGC 253 kuwa bakan gamma ya tsaya kusa da 2.2 zuwa 2.3, kamar yadda aka haife shi. Ma'ana, ba watsuwa mai bambance ƙarfi ce ke mulki a can ba.

To, a nan gizo ke saƙar. Iska ba ta tambayar ƙwaya ƙarfinta kafin ta kwashe ta, karo ma kusan haka. Su biyun suna barin bakan yadda yake. Gamma zai ce maka ba watsuwa ba ce, amma ba zai raba maka gardama tsakanin iska da karo ba sai ka kawo yawan gas da yawan fashewar taurari daga wani wuri, kuma kowanne a cikinsu yana iya kuskurewa da ninki biyu. Ga kuma raunin ido. A GeV 1, Fermi yana ganin ɗigon haske ya baje ya fi faɗin cikakken wata, alhali cibiyar NGC 253 da ke fitar da hasken ba ta kai ɗaya bisa hamsin na faɗin wata ba. Ɗigo ɗaya za ka gani. Kana nazarin tafiya, amma ba ka ganin hanya. Galaksi masu haihuwar taurari da aka hango da gamma ma goma sha 'yan kai ne, wasunsu kuma, irin NGC 4945 da NGC 1068, suna da baƙin rami mai ci a tsakiya, wanda ke dagula lissafin.

Akwai togaciya guda da nake so ka riƙe. Babban Gajimaren Magellan yana kusa, nisan shekarar haske kusan 160,000, har Fermi yana rarrabe sassansa. An ga gammansa ya fi bin wuraren haihuwar taurari fiye da inda gas ya taru, alamar cewa ƙwayoyin ba sa yin nisa da mahaifarsu da wuri. Idan gamma kake so kuma kana son ganin taswira, can za ka nufa.

Ta fuskar aljihu, gamma ba shi da na biyu. Bayanan Fermi a buɗe suke ga kowa, manhajojin Fermitools da Gammapy kyauta ne, kuma abin da za ka sauke na yanki ɗaya na sama bai fi ƙarfin kwamfutar cinya ba. Bayanan H.E.S.S. da VERITAS galibi sai ɗan ƙungiya, amma maki na bakan da suka wallafa sun ishe ka gwada samfurinka.

Rediyo

Nan zan daɗe, domin nan zuciyata take. Ilektiron mai ƙarfin GeV idan yana kewaya zaren maganaɗisu yakan saki hasken rediyo da ake kira sinkirotiron. Abin da ya sa wannan haske yake da daraja shi ne ilektiron yana tsufa a kan hanya, kuma tsufan yana bayyana. Wanda ya fi ƙarfi shi ya fi saurin gajiya. A filin maganaɗisu mai maikirogaus 10 (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu), ilektiron da ke haskawa a gigahaz 1.4 (ma'aunin mitar igiyar rediyo) yana da kimanin shekara miliyan 30. Idan filin ya kai 100, kamar a cibiyoyin da muke magana, bai fi miliyan 1 ba. Wato kowane ilektiron da agogonsa a jiki.

Sai ka nemi galaksin da muke gani ta gefe, kamar faifan da aka tsayar a kan bakinsa: NGC 891, NGC 4631, NGC 4565, ko NGC 253 ɗin kanta da ta kusa zama haka. Ka auna hasken rediyo daga faifan zuwa sama, taki bayan taki, a mitocin rediyo biyu ko uku daban-daban. Za ka ga yadda hasken yake dusashewa, da yadda babbar mita take riga ƙarama mutuwa. Idan iska ce ke kwasar ilektiron, hasken yakan ragu da kaso iri ɗaya a kowane taki, bakan kuma ya karkata a hankali. Idan watsuwa ce, hasken yakan ɗan tsaya kusa da faifan sannan ya faɗi da sauri, kamar gefen ƙararrawa. Wannan fa gani ne da ido. A NGC 253, nazarin da Volker Heesen da abokan aikinsa suka fitar a 2009 ya sami gudun kusan kilomita 300 a daƙiƙa, kuma ya nuna ɓangaren arewa maso gabas ya fi kama da kwasar iska, na kudu maso yamma ya fi kama da watsuwa. Galaksi ɗaya, hali biyu. Gamma ba zai taɓa nuna maka wannan da na'urorin yau ba. NGC 4565, wadda ba ta haihuwar taurari sosai, ta fito a ɓangaren watsuwa, yawancin masu haihuwa da yawa kuma suka fito a ɓangaren iska.

Ga kuma yawa. Shirin CHANG-ES ya auna galaksi 35 na gefe da na'urar rediyo ta VLA a gigahaz 1.5 da 6, ya saki hotunan. Na'urar LOFAR, mai cibiya a Holan, tana zana arewacin sama a megahaz 144, kuma ƙaramar mita ita ce ke kama tsofaffin ilektiron da suka yi nisa. MeerKAT mai faranti 64 a hamadar Karoo ta Afirka ta Kudu, wadda aka ƙaddamar a 2018, ta buɗe kudancin sama. Ko a yammacin Afirka, Gana ta mai da tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse na'urar nazarin sama a 2017. Wanda ya iya sarrafa bayanan rediyo yau, yana da wurin zuwa a nahiyar nan gobe idan SKA, babbar na'urar rediyo ta haɗin gwiwar ƙasashe, ta kankama.

Amma kada in yaudare ka, rediyo yana da laifuffuka uku masu nauyi. Ilektiron kashi 1 ko 2 ne cikin 100 na ƙarfin ƙwayoyin kosmik; kana bin sawun ɗan rakiya ne kana fatan ayarin ma nan ya bi. Fatan yana da tushe, tunda zaren maganaɗisu ɗaya suke bi, amma fata ne. Na biyu, hasken sinkirotiron ya dogara da yawan ilektiron da kuma ƙarfin maganaɗisu a haɗe, ba ka iya raba su da rediyo kaɗai. Yawancin masu nazari sukan ɗauka ƙarfin ƙwayoyin da na maganaɗisu daidai suke, su ci gaba. Idan wannan zaton ya kuskure, gudun iskar da ka fitar ya kuskure tare da shi, domin agogon ilektiron da ƙarfin maganaɗisu ake saita shi. Na uku, a can tsakiyar cibiya abin ya cakuɗe: gas mai zafi yana fitar da nasa rediyon, yana kuma haɗiye ƙananan mitoci, sannan da yawa daga ilektiron ɗin ba daga fashewar tauraro suka fito ba, 'ya'yan payon ne da karon furoton ya haifa. Wannan cakuɗewa ce ta sa har yau ake muhawara a kan dalilin da ya sa hasken rediyo da na infared suke tafiya kafaɗa da kafaɗa daga ƙananan galaksi har zuwa irin su Arp 220, alaƙar da ta fito sarari bayan tauraron IRAS na 1983.

Maganar data kuma, ka bambance abu biyu. Ɗanyen bayanin na'urar rediyo yana iya cin ɗaruruwan gigabait, ba na kwamfutar cinya da wutar da ke zuwa tana ɗaukewa ba ne. Hotunan da aka riga aka tace kuwa ƙanana ne, kuma da su ake yin aikin da na bayyana a sama. Da su za ka fara.

Niyutirino

Karon da ya haifi payon marar caji yana haifar da masu caji, su kuma suna ƙarewa da niyutirino. Shaida ce tsarkakakkiya ta furoton, ba abin da ke tare ta a hanya, ba kamar gamma mai ƙarfin gaske ba da hasken infared ke cinyewa. Loeb da Waxman sun kawo shawara a 2006 cewa tarin galaksi masu haihuwar taurari na iya samar da niyutirinon da za a iya gani, kuma a 2013 IceCube, mai na'urori 5,160 a cikin ƙanƙarar kudancin duniya, ta gano niyutirino daga nesa. Sai dai hasken gamma da ya bazu a duk faɗin sama, wanda Fermi ya auna, ya taƙaita kason da irin waɗannan galaksi za su iya ɗauka.

Za ka ji ana ambaton NGC 1068. A Nuwamban 2022 IceCube ta sanar da kimanin niyutirino 79 daga wajenta. Tana haihuwar taurari, gaskiya ne, amma niyutirinonta sun ninka gamman da ake gani aƙalla sau goma, abin da ke nuna daga kusa da baƙin ramin tsakiya suke fitowa, inda gamma ba ya iya fita. Labari ne mai girma, amma ba labarin tafiyar ƙwayoyi a faifan galaksi ba ne. M82 da NGC 253 ba a gan su da niyutirino ba tukuna. Idan lissafin tarin galaksi na dukkan sararin samaniya ne ke burge ka, akwai aiki a nan. Idan tafiya kake bi, ƙwayoyi 79 cikin kusan shekara goma ba za su zana maka hanya ba.

Abin da zan zaɓa

Idan tambayarka ita ce nawa ne suka tsere, ɗauki gamma, za ka gama cikin lokaci, kuma kayan aikin ba za su karya ka ba. Wannan tambaya ba ta banza ba ce: masu kwaikwayon galaksi a kwamfuta da ita suke daidaita saurin watsuwa, domin idan suka sa ƙwayoyin suna tafiya a hankali, ƙananan galaksinsu sai su fitar da gamma fiye da abin da Fermi ya gani. Daga wannan saurin kuma ake sanin ko ƙwayoyin kosmik suna da ƙarfin tura gas waje su rage haihuwar taurari.

Idan kuwa tambayarka ita ce yaya suka tafi, kamar yadda muka faro da ita a sama, ni rediyo zan ce ka ɗauka a matsayin ginshiƙi, ka jingina shi da gamma. Dalilina shi ne raunin kowanne ƙarfin ɗayan ne. Gamma yana ba ka yawan furoton a cibiya. Daga nan ka san ilektiron nawa karo ya haifa. Da wannan sai rediyo ya ba ka ƙarfin maganaɗisu ba tare da zaton daidaito ba. Da maganaɗisun a hannu, agogon ilektiron ya zama abin dogaro, gudun iskar da ka auna ya tsaya da ƙafarsa. Kwarara ce kawai za ta ci gaba da ɓuya, domin a rediyo tana kama da iska mai gudun Alfvén, kuma kada ka yi alkawarin raba su a kundin digiri na biyu.

Wannan haɗin galaksi kaɗan ne ke ba da damarsa, shi ya sa zaɓin ya koma tsakanin M82 da NGC 253. M82 ta fi haske, amma kusantar da ta yi da maƙwabciyarta M81 ta hargitsa gas ɗinta, kuma cibiyarta ta mamaye komai. NGC 253 tana da cibiya mai zafi da gamma ke gani, da kuma faffaɗan faifai mai natsuwa da rediyo ke bi har sama, ga bakan Fermi da na H.E.S.S. da suka haɗu suka rufe daga GeV zuwa TeV (ninkin GeV sau dubu), ga ta a kudancin sama inda MeerKAT take kallo. Ita zan ba ka. Kuma daga ƙasar Hausa kana iya ganinta: daga Kano ko Zinder tana hawa kusan digiri 50 a kudu da dare a watannin Oktoba da Nuwamba. Ka fita bayan gari kafin hazo ya yi kauri, da madubin hangen nesa na hannu, ka nemi ɗan siririn zirin haske a ƙasa da tauraron Diphda. Caroline Herschel ce ta fara hango ta a 1783.